Ɗaki Na Goma Sha Ɗaya

Na sauka Aliero da akwatin ƙarfe na kakata,
da ƙullin busasshen kifi daga Illo,
da takardar shiga da na ninke har ta yi laushi.
Warin albasa ne ya tarbe ni a tasha
kafin wani mahaluki ya ce mini sannu.

Aka tara mu, sababbin shiga na sashen lissafi,
a dogon gini guda, mutum hurhuɗu a ɗaki.
Aji ɗaya da rana, rufi ɗaya da dare.

Arzika ɗan Jega, mai minshari kamar injin niƙa.
Bitrus daga Zuru, mai raba gari da murfin kofi
don kada a ce ya cuci wani.
Sahabi ɗan Tsafe, da ba ya barci
sai waya na ƙarƙashin kuncinsa,
yana jiran a ce masa an kwana lafiya a gida.
Sai ni, mai gado kusa da taga,
mai tsoron buɗe baki a aji.

Can ƙarshen baranda Labbo yake, ɗan aji huɗu,
an ajiye shi cikinmu kamar tsohuwar rijiya.
Bayan isha'i sai ya buga bokiti da cokali,
mu fito da tabarmi.
Ƙofar banɗaki ce allonmu,
alli guntu-guntu, fitilar waya uku,
sauro na karɓar nasa kuɗin makaranta.

Gwajin farko na ci huɗu cikin ashirin.
Huɗu!
Ni da ake kira Malam Ƙarami a garinmu,
ni da mahaifina ya sayar da koma biyu saboda ni.
Ban ci tuwo ba ran nan.
Na haɗa kaya cikin duhu, a hankali,
na ce motar asuba ba ta tambayar maki.

Na laluba ƙarƙashin gado, takalmi ɗaya.
Na sake lalubawa.
Sai na lura injin niƙa ya yi shiru,
Bitrus kuma na zaune ya jingina da ƙofa
wai zafi ne ya hana shi kwanciya.

Labbo bai yi mini wa'azi ba.
Ya zaro wata takarda daga jakarsa,
ta yi ja don tsufa, da sunansa a sama.
Uku cikin ashirin.
Ya ce, "Ka fi ni da ɗaya, ina za ka?"

Da gari ya waye ya ja ni bayan katanga,
inda wani tsoho ke ban ruwa.
Ya nuna mini fangalin iri,
sirara kamar gashin jariri, a cunkushe,
kowanne na jingine da ɗan'uwansa.
Tsohon ya ce, bai ko ɗago kai ba,
"Ba a dasa ta ranar da ta tsiro.
A bar ta cikin 'yan'uwa tukuna,
in wuya ya yi kauri, a ba ta nata wuri."

Ban zama gwani ba.
Gwaji na biyu tara, na uku sha ɗaya.
Amma daren da wayar Sahabi ta ƙi yin ƙara
har kwana uku,
mu muka zauna da shi, ba wanda ya taɓa littafi.
Bitrus ya yi addu'a irin tasa, muka yi tamu,
da kiran ya shigo, duk baranda ta ji kukansa.

Jiya na riƙe alli a gaban ƙofar banɗaki,
hannuna na rawa, bakina na tafiya,
mutum goma sha biyu na kwafar abin da na rubuta.

Kifin Illo ya ƙare tun watan farko,
baki huɗu ba wasa ba.
Takalmin nan kuwa, na hagu,
har yau Arzika na rantsuwa bai gan shi ba.